S83.211A: Yadda Kwamfutar Asibiti Ke Karanta Ciwon Gwiwa

A watan Mayun 2014, saura kamar mako uku a fara gasar cin kofin duniya a Burazil, aka yi wa Luis Suárez tiyata a gwiwarsa ta hagu. Ranar 19 ga Yuni ya shiga fili ya zura wa Ingila ƙwallo biyu. A Nuwamban 2020 kuma Ansu Fati na Barcelona ya ji rauni a wasansu da Real Betis, shi ma a gwiwar hagu, amma bai sake taka leda ba sai Satumban 2021, bayan an yi masa tiyata fiye da sau ɗaya. Su biyun abu ɗaya jaridu suka rubuta a kansu: meniskus ya yage. Ɗaya ya dawo cikin wata guda, ɗayan ya kwashe wata goma.

Ga mai kallon ƙwallo, "meniskus ya yage" ya wadatar. A wajen likita, da kamfanin inshorar da zai biya kuɗin aiki, da manhajar da ke riƙe da fayil ɗin majiyyaci, wannan magana kamar ka kai wa mai gyara waya ne ka ce masa "ta lalace" ka juya ka tafi. Wace gwiwa? Wane ɓangare? Wane irin yagewa? Yau ya faru ko tun shekara uku? Amsoshin nan duka ana dunƙule su cikin 'yar lamba mai haruffa bakwai, irin wadda ke saman wannan rubutu. Yau za mu warware ta harafi bayan harafi, domin duk wanda ke sha'awar gina manhajar asibiti zai ci karo da ita, kuma duk wanda aka taɓa miƙa wa takardar asibiti mai ɗauke da wasu baƙaƙen lambobi ya cancanci ya san me suke faɗa a kansa.

Da farko, mene ne meniskus?

Gwiwa ita ce mahaɗar ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. A tsakaninsu akwai guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, suna aiki kamar robar da ke shanye girgiza a mota: suna rarraba nauyin jiki, suna hana ƙasusuwan biyu gogar juna kai tsaye. Ɗaya yana ɓangaren ciki, wajen da gwiwoyinka biyu ke fuskantar juna, shi ne likitoci ke rubutawa da medial. Ɗayan yana ɓangaren waje, shi ne lateral. Kowace gwiwa tana da biyu, ke nan mutum yana da guda huɗu. Riƙe wannan lissafi, don shi ne ƙashin bayan lambar.

Akwai wani abu game da guringuntsin nan da ya bayyana dalilin da ya sa likitoci ke damuwa da wurin da ya yage. Jini ba ya isa ko'ina a cikinsa. Gefensa na waje ne kawai ke samun jini sosai, kusan kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, sauran cikin kuwa kusan babu. Inda jini ke zuwa, idan aka ɗinke yana iya haɗewa. Inda babu jini, sau da yawa sai dai a datse ɓangaren da ya yage a fitar. Datsewa na sa mutum ya miƙe da wuri, ɗinki kuma na buƙatar watanni na haƙuri, amma yana bar wa gwiwa robarta. Matasa yawanci wajen murɗewa suke samun raunin: ƙafa a kafe a ƙasa, jiki ya juya. Manya kuwa guringuntsin na iya tsagewa don tsufa kawai, wani lokaci ma mutum bai san ya faru ba.

Daga ina lambobin suka fito?

Tsarin sunansa ICD, wato kundin rarrabe cututtuka na duniya. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne da wani masanin ƙididdiga ɗan Faransa, Jacques Bertillon, ya tsara, aka amince da shi a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Bugu na goma, ICD-10, an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, kuma har yau shi ne aka fi gani a takardun asibiti.

A kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, sabon yagewar meniskus lamba ɗaya tak gare shi: S83.2. Shi ke nan. Amurka ce ta ga hakan bai ishe ta ba, domin a can lambar ce ke tantance ko kamfanin inshora zai biya ko ba zai biya ba. Sai suka faɗaɗa kundin suka kira nasu ICD-10-CM, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2015, da lambobi kusan 70,000, alhali wanda suke amfani da shi kafin nan bai wuce kimanin 14,000 ba. A cikin wannan faɗaɗɗen kundi, S83.2 ɗin nan guda ɗaya ta haifi lambobi 99.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a wajenmu. Idan ka je Google ka nemi lambar wata cuta, yawancin shafukan da za su fito na Amurka ne. Wanda ke gina manhaja a Kano ko Kaduna zai iya kwaso jerin Amurka ya zuba a rumbun bayanansa, alhali inda za a tura rahoton jerin Hukumar Lafiya ta Duniya suke karɓa. Haruffa huɗun farko sukan yi daidai a wurare da yawa, amma ba a ko'ina ba. Kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja, tambayi asibitin da kamfanin inshorar da suke hulɗa da shi wane bugu suke amfani da shi.

Mu warware S83.211A

Harafin S yana nufin rauni ne, abin da ya samu jiki daga waje. Lambobin S80 zuwa S89 na gwiwa ne da ƙwauri. S83 ta keɓanta da gocewa da targaɗen mahaɗar gwiwa da jijiyoyinta. Sai ɗigo, sai 2, wadda ke cewa meniskus ne ya yage, kuma raunin sabo ne.

Harafi na biyar shi ne ya fi ɗaukar kaya, don abu biyu yake faɗa lokaci guda: wane meniskus, kuma wane irin yagewa. Daga 1 zuwa 4 na ciki ne, daga 5 zuwa 8 na waje, kuma tsarin iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu. 1 da 5 su ne yagewar da ake kira mariƙin bokiti, wadda a takardar likita za ka ga an rubuta bucket-handle. Guringuntsin ne ke tsagewa a tsawonsa, bakin nan biyu na manne, tsakiyar ta ɗago ta faɗa cikin mahaɗa kamar yadda mariƙin bokiti ke juyawa. Ita ce ke sa gwiwa ta kulle mutum ya kasa miƙe ƙafa. 2 da 6 yagewar gefe ce, can inda jini ke zuwa. 3 da 7 yagewa ce mai sarƙaƙiya, wadda ta bi fuska fiye da ɗaya. 4 da 8 kuma na sauran nau'o'in da likita ya ambaci sunansu amma ba su da gurbi na kansu, kamar wadda ta tsaga guringuntsin a kwance ko wadda ta yanko shi daga bakin ciki zuwa waje.

Harafi na shida shi ne ɓangaren jiki: 1 dama, 2 hagu, 9 ba a faɗa ba. Na bakwai kuma matakin jinya ne, za mu zo kansa. To S83.211A tana cewa: sabon rauni, meniskus na ciki, yagewar mariƙin bokiti, gwiwar dama, ana kan ba da magani. Idan ka ga S83.272A, ka gwada karantawa da kanka kafin ka ci gaba. Na waje ne, mai sarƙaƙiya, gwiwar hagu.

Tarkon da ke jiran mai rubuta manhaja

Duk wanda ya saba da rubuta manhaja, da zarar ya ga tsari irin wannan, hannunsa zai fara ƙaiƙayi ya rubuta 'yar doka: ɗauko harafi na shida, in 1 ne ka nuna "dama", in 2 ne ka nuna "hagu". Dokar za ta yi aiki daga S83.21 har S83.28. Amma akwai rukuni na tara, S83.20, na lokacin da ba a faɗi wane meniskus ba ne, kuma a nan tsarin ya sauya gaba ɗaya. Saboda harafi na biyar ya tafi wajen cewa "ba a san wane ba", sai aka ɗora wa harafi na shida nauyin faɗin irin yagewa da ɓangaren jiki tare. Sakamakon haka S83.200 ita ce mariƙin bokiti a gwiwar dama, S83.201 a gwiwar hagu, S83.202 kuma ba a faɗi gwiwar ba. Daga nan 203, 204 da 205 su ɗauki sauran nau'o'i, 206, 207 da 209 su ɗauki wanda ba a faɗi nau'insa ba.

Ka ga abin da zai faru. Manhajarka ta ga S83.201A, ta ga 1, ta rubuta wa ma'aikaciyar jinya "gwiwar dama" a fuskar kwamfuta, alhali ta hagu ce. Babu saƙon kuskure, babu jan rubutu, komai zai yi kamar lafiya lau. A harkar da ake shiga ɗakin tiyata, rikita dama da hagu ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ra'ayina a nan ba shi da sassauci: kada manhaja ta yi hasashen ma'anar lamba daga siffarta. A ɗauko cikakken jerin daga hukumar da ke fitar da shi, a ajiye kowace lamba tare da bayaninta a teburi, a riƙa dubawa daga can. Jerin Amurka kyauta ne, kuma ana sabunta shi duk ranar 1 ga Oktoba, wasu lambobi su shigo, wasu su fita. Don haka teburin naka na buƙatar gurbin ranar da lamba ta fara aiki da ranar da ta daina, saboda fayil ɗin da aka rubuta shekara biyar da suka wuce ya ci gaba da karantuwa yadda aka rubuta shi.

Wani ƙaramin abu kuma: ɗigon nan na bayan harafi na uku don idon mutum aka sa shi. A takardun neman biyan kuɗi da ake turawa ta intanet a Amurka, ba a sa shi, S83211A ake rubutawa. Idan rumbunka ya ajiye wasu da ɗigo wasu babu, ranar da za ka ƙirga masu ciwo iri ɗaya za ka samu rabin adadi.

A, D da S

Harafi na bakwai shi ne wanda ya fi rikita har waɗanda wannan ce sana'arsu. Mutane da yawa suna ɗaukar A a matsayin zuwan farko asibiti, D zuwa na biyu. Ba haka ƙa'idar ta ce ba. A tana nufin ana kan yi wa raunin magani gadan-gadan. Yaro ya murɗe gwiwa a fili ranar Asabar, aka kai shi sashen gaggawa: A. Bayan mako ɗaya ya ga likitan ƙashi wanda ya duba ya tsara abin da za a yi: A. Bayan wata ɗaya aka shiga da shi tiyata: har yanzu A. Sai an gama wannan, ya shiga lokacin warkewa, yana zuwa a duba ɗinki ko ana yi masa gashi, sannan lambar ta koma D. Ita kuwa S ta abin da raunin ya bari ne a baya bayan ya wuce. Misali bayan shekaru gwiwar ta kamu da ciwon zaizayewar mahaɗa sanadiyyar wancan rauni: sai a fara rubuta lambar sabon ciwon, M17.31 in gwiwar dama ce, a biyo ta da tsohuwar lambar raunin mai ƙarewa da S.

Darasin ga mai manhaja shi ne kada ka sa kwamfuta ta riƙa ƙirga ziyara tana sauya harafin da kanta. Abin da aka yi wa majiyyaci a ranar ne ke yanke hukunci, kuma wannan mutum ne zai faɗa.

Sabo ne ko tsoho?

A nan ne rubutun likita ya fi tasiri. Duk abin da muka yi bayani a sama na sabon rauni ne. Idan yagewar tsohuwa ce, lambar tana barin babin S baki ɗaya ta koma babin M, na cututtukan ƙashi da mahaɗai. M23.2 ita ce matsalar meniskus da tsohon rauni ya jawo, M23.3 kuma ta ƙunshi sauran matsaloli, har da wanda ya lalace don tsufa. A wannan babi tambayar ma ta sauya. Ba a tambayar siffar yagewa, ana tambayar wuri: ƙahon gaba ko ƙahon baya, wato bakin jinjirin watan da ke gaba ko wanda ke baya. M23.221, alal misali, ƙahon baya ne na meniskus na ciki a gwiwar dama. Kuma babu harafi na bakwai, don babu maganar A ko D. Kundin ya hana a haɗa lambar sabo da ta tsoho a kan yagewa ɗaya.

To wa ke yanke cewa sabo ne ko tsoho? Likita, ta hanyar abin da ya rubuta. Idan ya rubuta cewa majiyyaci ya murɗe gwiwa kwana huɗu da suka wuce yana buga ƙwallo, ya ji ƙara, ta kumbura washegari, hanya ta fito sarai. Idan kuwa abin da ke cikin fayil bai wuce "ciwon gwiwa, meniskus ya yage" ba, mai sa lamba ya shiga tsaka mai wuya. Ba shi da izinin yin hasashe. Abin da ƙa'ida ta ba shi shi ne ya mayar wa likita da tambaya a rubuce, ya jira amsa.

Wannan rarrabewa ba ta takarda kaɗai ba ce. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2008, wanda aka yi a garin Framingham na Amurka, ya ɗauki hoton MRI na gwiwoyin mutane masu shekara 50 zuwa 90 ba tare da la'akari da ko suna ciwo ba. Cikin waɗanda aka ga meniskus ɗinsu ya yage, kashi 61 cikin ɗari ba su ji wani ciwo a gwiwar ba a watan da ya gabata. A 2013 kuma mujallar ta buga wani gwaji daga Finland a kan mutum 146 masu yagewar tsufa: wasu aka datse musu guringuntsin da gaske, wasu aka shiga da su ɗakin tiyata aka yi kamar an yi. Bayan shekara ɗaya, babu wani bambancin a zo a gani tsakanin rukunonin biyu. Ke nan yagewar ɗan shekara ashirin da ya murɗe ƙafa a fili daban take da ta dattijon da hoto ya nuna, kuma shawarar magani ma daban. Idan asibiti ya zuba su duka a lamba ɗaya, duk wanda ya zo daga baya yana son sanin ko tiyatar da ake yi tana amfani, bayanan ba za su gaya masa komai ba.

Abin da ba a tabbatar ba

Likitan ƙashi yakan fara da hannu: ya danna layin mahaɗa ya ji ko akwai zafi, ya lanƙwasa gwiwar ya juya ta, abin da ake kira gwajin McMurray. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna guringuntsi, sai MRI, wanda kuma ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma ba shi da araha. Saboda haka sau tari abin da likita zai rubuta a zuwan farko shi ne "ana zargin meniskus ya yage".

A ƙa'idar Amurka, ga majiyyacin da ba a kwantar ba, ba a sa wa zargi lamba kamar an tabbatar. Abin da aka gani ake rubutawa: M25.561 ciwon gwiwar dama, M25.461 taruwar ruwa a gwiwar dama. Sai hoto ko tiyata ta tabbatar sannan a koma S83.2. Hikimar a bayyane take: lamba in ta shiga rumbun bayanai tana bin mutum, kwamfuta kuma ba ta san kalmar "wataƙila" ba sai an gina mata gurbinta. Tsarin musayar bayanan lafiya na FHIR, wanda ƙungiyar HL7 ke kula da shi, ya yi wannan tanadi: kowace cuta da aka rubuta tana da gurbin da ke nuna ko an tabbatar da ita, ko ta wucin gadi ce, ko an kore ta. Ko manhajarka ba ta bin FHIR, ka ari wannan dabara.

Lambobin da ke ba da labari

Bayan lambar rauni, kundin yana da wasu da ke faɗin yadda abin ya faru. Y93.66 na nufin mutum yana buga ƙwallon ƙafa ne lokacin, Y92.322 kuma a filin ƙwallo abin ya auku. W21.02XA ita ce ƙwallo ta bugi mutum. Wannan X ɗin da ka gani ba ta da ma'ana, cike gurbi ce kawai don A ta zauna a matsayi na bakwai, kamar yadda ake sa sifili a gaban lamba don ta cika tsawon da ake so. Amurkawa ba su bar komai ba a wannan babi, har saniya ta bugi mutum tana da lambarta, W55.22XA, wadda ina ganin da a nan ne da ta fi samun kasuwa.

Lambar cuta daban, lambar aiki daban

ICD tana faɗin abin da ke damun mutum. Abin da aka yi masa kuma, a Amurka, wani kundi ne daban mai suna CPT, mallakin ƙungiyar likitocin ƙasar, kuma shi ba kyauta ba ne, sai da lasisi ake sa shi a manhaja. A cikinsa 29881 ita ce datse meniskus ɗaya ta hanyar tiyatar kyamara, 29880 datse duka biyun, 29882 ɗinke ɗaya, 29883 ɗinke biyun. Ana liƙa RT ko LT don nuna dama ko hagu.

Kwamfutar kamfanin inshora tana haɗa lambobin biyu ta duba ko sun dace. In lambar cuta ta ce hagu, lambar aiki ta ce dama, takarda za ta dawo. In an nemi kuɗin datse meniskus biyu amma lambar cuta ɗaya ce tak ta na ciki, za ta dawo. In an rubuta 9, wato ba a faɗi gwiwar ba, alhali an yi tiyata, dole a yi tambaya, don babu likitan da zai yanka gwiwa bai san wacce ba ce. Kowace dawowa jinkiri ne ga asibiti, wani lokaci kuma majiyyaci ne ake cewa ya biya daga aljihunsa kafin a warware.

Wannan shi ne inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun da aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a Mayun 2022, wadda ta mayar da inshorar lafiya wajibi a Nijeriya, hulɗa tsakanin asibitoci da kamfanonin da ke biyan kuɗi sai ƙaruwa za ta yi, kuma hulɗar nan ba ta tafiya da dogon labari, da lambobi take tafiya. Asibitocin da ke barin fayil ɗin takarda suna komawa kwamfuta suna buƙatar waɗanda suka fahimci ɓangarorin biyu.

Yadda fom ya kamata ya kasance

Mafi yawan lambobin "ba a faɗa ba" ba daga jahilcin likita suke fitowa ba. Likitan ya sani sarai wace gwiwa ce. Matsalar ita ce yana da layin mutane a waje, manhajar kuma ta ba shi akwatin bincike wanda da ya rubuta "meniskus" zai zubo masa lambobi fiye da ɗari, sai ya danna ta farko ya wuce. Laifin mai tsara fom ne.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a daina nuna wa likita lambobi. A yi masa tambayoyi da yarensa: sabon rauni ne ko tsoho, dama ko hagu, na ciki ko na waje, wane iri, me ake yi yau. Taɓawa biyar a fuskar waya ko kwamfutar hannu, manhaja ta dubo lambar daga teburi, ta nuna masa cikakken bayaninta a rubuce ya tabbatar. Zaɓin "ba a sani ba" ya kasance yana nan, don wani lokaci gaskiyar ke nan, kafin a yi MRI ba a san nau'in yagewa ba. Amma kada ya zama shi ne a sama, kuma a wajen dama da hagu kada a sa wani zaɓi da ya riga ya cike kansa. A bar gurbin fanko har sai mutum ya taɓa. Sannan a bar wa likita filin rubutu na kansa, domin lamba ba ta ɗaukar cewa gwiwa tana kullewa in mutum ya tashi daga zaman tahiya, kuma likitan da zai gan shi gaba wannan bayanin yake buƙata.

Ka kuma tuna cewa dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. S83.211A a ido kamar ba komai, amma da zarar an haɗa ta da suna da lambar waya ta zama sirrin mutum. Ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a tura a zauren WhatsApp don neman taimakon gyaran manhaja, da sunan majiyyaci a jiki, abu ne da ya kamata a daina.

ICD-11 na tafe

Bugu na goma sha ɗaya an amince da shi a 2019, ya fara aiki a hukumance ranar 1 ga Janairun 2022, kodayake kowace ƙasa da lokacin da za ta koma kansa. An gina shi ne da kwamfuta a zuciya: kowace cuta tana da adireshinta na intanet, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe ƙofar da manhajoji za su riƙa tambayar kundin kai tsaye. Maganar dama da hagu ma an warware ta ta wata hanya. Maimakon a cusa ta cikin lambar cuta, an ba ta lambobi na kanta, XK9K dama, XK8G hagu, ana liƙa su da alamar &. Tarkon S83.201 ba zai samu wurin zama a irin wannan tsari ba.

Sai dai shi ma ya zo da nasa. Lambobinsa na farawa da adadi ko harafi, na biyun kuma kullum harafi ne. Akwai 1E30, ta wani nau'in mura. Rubuta ta a Excel ka danna Enter, za ka ga ta koma 1.00E+30, domin manhajar ta ɗauka kana nufin ɗaya da sifili talatin a bayansa. Duk gurbin da zai riƙe lambar cuta, a Excel ne ko a rumbun bayanai, a saita shi a matsayin rubutu tun kafin a zuba komai a ciki.

Ga wanda ba ruwansa da rubuta manhaja, gwiwa ce kawai ke damunsa: in aka ba ka takardar asibiti mai lamba, musamman wadda za ka kai wa kamfanin inshora ko wani asibitin, duba abu biyu kafin ka bar wurin. Ɓangaren da aka rubuta, dama ko hagu, shi ne wanda ke maka ciwo? Kuma harafin farko, S ne ko M, ya dace da labarin da ka ba likita? In ka ce masa jiya ka faɗi amma takarda ta nuna M23, ka tambaya. Wataƙila yana da dalili, misali hoto ya nuna yagewar ta daɗe kuma faɗuwar jiya tayar da ita kawai ta yi. Wataƙila kuma yatsa ne ya zame a kan jerin zaɓi, kuma gyara shi a ranar minti ɗaya ne.